Jawabin mushen lakwal a taron ƙungiya: kada goyo ya kashe sana'a



Magana ɗaya ta kawo ni. A garin nan akwai mata masu ginin tulu, masu saƙar tabarma da faifai, da zabiyoyi. Amma da zarar mace ta haihu, sai yumɓu ya bushe, kaba ta tsufa a rumbu. Daka, rijiya, itace, goyo: ina lokacin zane? Uwar wani ɗalibina, wadda tulunta ke kaiwa kasuwar Mirriya, shekara biyu ke nan ba ta gasa ko ɗaya ba, tun da ta haifi tagwaye. Bana littafi ma ya gagari yaron.

Ku tuna marigayiya Hamsu Garba, haifaffiyar Maradi, wadda ta rasu a 2022. Da an hana ta waƙa, da Nijar ta yi asara.

Ga roƙona uku. Na ɗaya, kakanni su riƙa karɓar yara da hantsi, kwana biyu a mako. Na biyu, kowane ɗan ci-rani ya zuba dala ɗari a wata a asusun sayen kaba da rini. Na uku, mai komawa Yamai ko Damagaram ya ɗauki kayansu ya sayar, ya maido kuɗi cif.

Maza, mu ma mu ɗebo ruwa a amalanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.