Haƙƙin Yaro Amana Ce A Wuyan Malami Da Ma'aikaci Da Mahaifi

 Ya ku iyaye da malamai da ma'aikatan makarantunmu na Minjibir.

Abin da ya tara mu a yau shi ne: wa zai koya wa yaranmu haƙƙinsu da haƙƙin mutane da ke kansu? Da yawanmu mun jingina wannan nauyi ga malamin aji kaɗai, wannan kuwa kuskure ne babba.

Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta kafa tata dokar a 2003, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mai da karatun shekara tara kyauta kuma tilas, ta ɗora wa mahaifi wajibcin kai ɗansa makaranta. To amma yaro ba ya karanta doka, abin da muke yi masa shi ne darasinsa.

Idan malami ya koyar da adalci da safe, da rana ya fifita ɗan mai hali a kan ɗan talaka, ya rushe abin da ya gina. Idan mai gadi ya zane yaron da ya makara saboda nisan tafiya, ko mai rabon abinci ta tauye wa marayu, sun koya musu cewa mai ƙarfi ke da gaskiya. Mu kuma iyaye, daga Kunya har Wasai, in damina ta faɗi mukan janye yaro zuwa gona, ranar kasuwa mu ɗora wa yarinya talla. Yarinyar da aka hana wa karatu, yaya za ta san haƙƙinta na gado, balle ta nema?

Saboda haka muna kira da a raya kwamitin kula da makaranta na kowane gari, iyaye mata su ma su sami kujera a ciki. A zauna kowane zango a ƙirga yaran da suka daina zuwa, a bi su gida-gida. Shugaban makaranta ya buɗe ƙofar da yaro zai kai kuka ba tare da tsoron bulala ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kowannenmu za a tambaye shi a kan kiwon da aka ba shi.

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana, amin.