Iska Mai Tsabta da Aljihun Ma'aikaci: Darasi daga Landan



An umarce ni in yi bayani a kan dokar da wasu biranen Turai suka kafa, wadda ta sa mota mai yawan hayaƙi ba ta shiga gari sai an biya mata kuɗi. Zan tsaya a kan birnin Landan.

A ranar 8 ga Afrilu, 2019, magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya fara aiki da dokar a tsakiyar birni. Aka faɗaɗa ta a 2021, sannan a ranar 29 ga Agusta, 2023, ta game dukkan gundumomin birnin. Duk mai motar da ba ta cika sharaɗi ba, galibi ta fetur da aka ƙera kafin 2006 ko ta dizal kafin 2015, zai biya fam 12.50 a kowace ranar da ya fito da ita.

Dokar tana da dalili. A 2013 wata yarinya 'yar shekara tara, Ella Adoo-Kissi-Debrah, wadda gidansu ke kusa da babban titi a kudancin birnin, ta rasu sakamakon asma. A 2020 kotun binciken mutuwa ta tabbatar da cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya yi ajalinta. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi su ne suka fi zama bakin irin waɗannan tituna.

Sai dai mu yi lissafi. Malamin makarantar gwamnati a Ingila yana aikin kwana 195 a shekara. In tsohuwar mota ce ke kai shi, zai biya fam 2,437.50. Ma'aikaciyar jinya da ta tafi aikin dare ta dawo da safe za ta biya sau biyu, domin ranar tana ƙarewa ne da sha biyun dare. Mai hali ya canza mota ya huta, marar hali kuwa ya ci gaba da biya. A gefen gari, inda jiragen ƙasa da bas ba su wadata ba, abin ya fi ciwo.

An ba da tallafin fam 2,000 ga wanda ya yarda a rushe tsohuwar motarsa, amma ba a buɗe shi ga kowa ba sai ana saura kamar mako guda a yi faɗaɗawar ƙarshe.

'Yan uwa, in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ranar da aka kawo mana irin wannan doka, kada mu ƙi ta, domin yaran da ke tari a azuzuwanmu namu ne. Abin da za mu nema shi ne a fara samar da abin hawa mai sauƙi da tallafi, kafin a fara karɓar kuɗi, kuma a zauna da ma'aikata tun daga farko.