Zagayen Maimaici a Aikin Kwamfuta: Lacca ga Masu Fara Koyo



An nemi in yi magana a kan wata dabara guda daga cikin dabarun rubuta wa kwamfuta umarni, watau wadda Turawa ke kira lup, mu kuwa za mu kira ta zagaye. Kwamfuta dai ba ta da wayo. Abin da ta fi ɗan Adam da shi shi ne sauri da rashin gajiya. In an ce ta yi abu sau dubu, za ta yi na ƙarshe daidai yadda ta yi na farko. Zagaye shi ne hanyar da muke bi mu ci moriyar wannan hali nata, mu rubuta umarni sau ɗaya, ita kuwa ta yi ta maimaitawa.

Dabarar ta girmi kwamfutar lantarki. A 1843 Ada Lovelace ta Ingila ta wallafa tsarin lissafi domin injin da Charles Babbage ya zana, cikin tsarin nan kuwa akwai matakan da ake komawa a sake. Harshen FORTRAN na kamfanin IBM ya fito a 1957 da umarnin DO, sa'an nan a 1964 John Kemeny da Thomas Kurtz na Kwalejin Dartmouth a Amurka suka fito da BASIC domin ɗalibai. A 1966 kuma Böhm da Jacopini suka tabbatar cewa abu uku sun isa a gina kowane shiri: jera umarni bi da bi, zaɓi tsakanin hanyoyi biyu, da zagaye. Kun ga ke nan wanda ya ƙware a zagaye ya kama ɗaya daga cikin duwatsun murhu uku.

Zagaye iri biyu ne. Na farko shi ne mai ƙidaya, kamar a ce wa mai awo ya auno mudu ashirin. Tun kafin ya fara an san sau nawa zai yi. Ga misali da BASIC, wanda zai tara lambobi daga 1 zuwa 100:

10 LET J = 0
20 FOR N = 1 TO 100
30 LET J = J + N
40 NEXT N
50 PRINT J

Layi na 10 ya share ma'ajin jimla. Layi na 20 ya ce N ta fara daga 1. Layi na 30 ya zuba N a kan jimla, na 40 ya ƙara mata ɗaya ya koma sama. Sai N ta wuce 100 za a sauka layi na 50, a buga 5050. Layi biyar sun ɗauke aikin layi ɗari. In kuwa ana son a kai miliyan, lamba ɗaya tak za a sauya.

Na biyu shi ne mai sharaɗi, wanda ake rubuta shi da WHILE. Wannan kamar a aiki yaro rijiya ne a ce ya yi ta jan guga har randa ta cika. Ba a faɗa masa guga nawa ba, randar zai riƙa dubawa. To, jama'a, in randar hujajjiya ce fa? Yaron kirki zai gaji ya zo ya faɗa. Kwamfuta ba za ta zo ba, za ta yi ta ja har a kashe ta. Wannan shi ne zagaye marar iyaka.

Kada ku ɗauka ɗalibai kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ran 31 ga Disamba, 2008, na'urorin sauraren kiɗa na Zune masu gigabait 30, na kamfanin Microsoft, suka sandare a ko'ina cikin duniya. Dalili kuwa wani zagaye ne mai lissafa kwanan wata, wanda ke cire kwanakin shekara ɗaya bayan ɗaya muddin saura sun haura 365. Shekarar 2008 tana da kwana 366. Da aka zo rana ta 366, sharaɗin ci gaba ya cika, amma ba a cire kome ba, sai zagayen ya yi ta juyawa wuri guda.

Rami na biyu shi ne kuskuren ɗaya. In za a kafa danga mai tsawon taku goma, da dirka a kowane taku, dirka nawa ake bukata? Goma sha ɗaya ne, ba goma ba. A harshen Python, wanda ake koyarwa sosai a yau, in ka rubuta range(1, 100) ƙidaya a 99 za ta tsaya. Sai ka ce range(1, 101) kafin 100 ta shiga. Ku ma'aikata ku auna wannan da kyau. In zagayen da ke lissafa albashi ya tsaya kafin sunan ƙarshe, kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, amma akwai magidanci guda da wata zai ƙare bai ga ko kwabo ba.

Saboda haka duk lokacin da kuka rubuta zagaye, ku yi masa tambaya uku. Daga ina ya fara? Me ke sauyawa a kowane juyi? Yaushe zai tsaya? Bayan haka ku ɗauki takarda da fensir, ku bi shi da hannu da lambobi uku ko huɗu, ku lura da juyin farko da na ƙarshe musamman, ku kuma gwada shi da jerin da babu kome a cikinsa. Rigakafi ya fi magani, kuma mai sa hannu a takardar albashi shi za a tuhuma, ba na'ura ba.

Mai tambaya yana iya ɗaga hannu.