MAKARANTA NA KOYAR DA WANI ABU, KASUWA NA NEMAN WANI

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malamin kwalejin fasaha ya gabatar wa 'yan uwa matasa game da koyon sana'a.

Malamin ya fara ne da tunatar da cewa tun 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4, da nufin yaro ya gama ƙaramar sakandare da abin yi a hannunsa. Aka shigo da injinan kafinta da na walda daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama sai suka yi tsatsa a cikin akwatunansu, don ba wuta, ba kuma malamin da ya san kansu.

Sai dai, in ji shi, babbar cutar ita ce ba a tambayi gari abin da yake bukata ba. Masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran ma suka bi ta. Wanda aka horar don masaƙa, ina zai kai takardarsa?

Ya ce a dubi Kano. Dam ɗin Tiga na shayar da gonakin Kura da Kadawa, ga injinan ban ruwa birjik, ga kamfanonin gyaran shinkafa, ga masu jima a Challawa da Sharaɗa, ga sola a kan rufin gidaje. Idan inji ya tsaya a tsakiyar rani, tumatir ba ya jiran kowa. Manomi zai biya ko nawa ne, amma wanda zai kira bakaniken bakin hanya ne da ya koya a wajen ubangidansa. Ɗan makaranta kuwa ya haddace zanen injin a allo, bai taɓa kwance shi ba, ya kuma ƙare a kan acaɓa.

Mai jawabin ya yi nuni da cewa hukumar NBTE na nan tun 1977, ITF kuma tun 1971, don haka ba rashin hukuma ke damun mu ba. Ya nemi kowace makaranta ta zauna da masu kamfanoni da shugabannin 'yan Panteka kafin ta zaɓi kwas, ta kuma tura ɗalibai gareji su yi watanni.

Ga 'yan uwa kuwa, ya ce kafin mutum ya cike fom, ya zagaya garinsu ya ƙirga abin da ke lalacewa har sai an ɗauko mai gyara daga wani gari.