Tukunyar "Dutse" da Amanar Ɗan Kasuwa



Iyayenmu sarakuna da malamai, shugaban ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Waɗanda suka kafa mana ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.

An ce in yi magana a kan hajata, wato tukwane da kasken suya masu ɗigo-ɗigo da muke kira giranit ko tukunyar dutse. Suna sauka a Tema daga Chaina da Turkiyya, mu baza su a Nima da Mamobi da Makola, wasu su ƙetare Aflao zuwa Lome da Kwatano, wasu su bi ta Paga su nufi Wagadugu.

Bara wata baiwar Allah ta sayi saiti a wurina don kayan ɗakin ɗiyarta. Bayan wata uku ta dawo da tukunya ɗaya, cikinta duk ya saɓule. Ta ce, "Hajiya, ba ke kika ce mini dutse ce ba?" Wallahi na rasa bakin magana, don ni ma haka dila ya faɗa mini. Na mayar mata da kuɗinta, sannan na shiga tambaya.

Ga abin da na samo. Tukunyar nan ba dutse ba ce. Yawancinta alminiyam ne aka shafa masa sinadarin da ke hana abinci kamawa, ana kiransa PTFE, shi ne Teflon da aka gano a Amurka a 1938. Ɗigon nan ado ne kawai. A girki na yau da kullum, miya ko shinkafa ko suyar ƙwai, shafen ba ya cutarwa. Amma idan zafi ya wuce digiri 260 yakan fara lalacewa, in ya ƙara tsananta ya fitar da hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon kai kamar mura. Kaskon da aka bari babu komai a kan gas ko kurfoti mai ruruwa, cikin 'yan mintoci zai kai can.

Akwai kuma PFOA, wani sinadari da a da ake amfani da shi wajen haɗa shafen. A 2019 aka sa shi cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta ce a daina. Idan kwali ya ce babu PFOA, madalla, amma PTFE ɗin yana iya kasancewa a ciki.

To 'yan uwa, ga roƙona. Kada mu ƙara ce wa mai saye dutse ce. Mu faɗa mata: kada a ɗora ta a wuta babu komai a ciki. Wuta matsakaiciya, taga a buɗe. A juya da cokalin katako, a wanke da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe. Tuƙa tuwon zafi da ƙona manja har ya yi hayaƙi, a bar wa tukunyar ƙarfe. Ranar da shafen ya fara ɓarewa, a canza ta.

Mu ma masu sari, kayan da babu sunan kamfani, babu ƙasar da aka ƙera su, mu bar wa mai su ko da rabin kuɗi ne. Araha ba ta ado. Mai shakka ya tuntuɓi Hukumar Ingancin Kaya ta Ghana, GSA, kafin ya biya kuɗin kwantena.

Kakanninmu sun ɗauki goro daga Salaga zuwa Kano babu rasit, amana ce jarinsu. Matar nan da na mayar wa kuɗi, a bana ta kawo mini masu saye biyu.

Allah Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya tsare mu a hanya.