Duba Wuraren Haɗa Abincin Dabbobi: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Achilafiya



Maganar yau a kan wata ƙwayar cuta ce mai suna salmonela, wadda ba a ganinta sai da madubin likita. Tana zama a hanjin dabba da tsuntsu, tana fita cikin kashinsu. In ta kama 'yan tsaki sai su yi ta farin zawo suna mutuwa. In kuwa ta bi ƙwai ko nama ta shiga mutum, sai zazzaɓi da ciwon ciki da gudawa, kuma ta fi tsananta wa yara da tsofaffi.

A 1953 nama daga mayanka ɗaya tak a garin Alvesta na ƙasar Suwidin ya kwantar da mutum wajen 9,000, har 90 suka rasu. Bayan wannan ne ƙasar ta tsaurara bincike, har ta kai shi ga abincin da dabba ke ci, gama buhu ɗaya mai cuta yana iya shiga gidaje da yawa.

To, ta ina take shiga buhu? Galibi ta garin ƙashi da garin jini da garin kifi waɗanda ba su sha wuta sosai ba, sai kuma kashin ɓera da na tattabaru. Zafi yana kashe ta, amma bushewa ba ta kashe ta, tana iya yin watanni cikin ƙura. Saboda haka mai dubawa ba ya tsayawa ga buhun da aka miƙo masa. Yakan ɗebi ƙurar bakin inji da sharar lungu, a kai ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tun 1924. Amsa takan ɗauki kwanaki, kada a ƙosa.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ikon duba abincin dabbobi. Amma manyan masana'antu sanannu ne. Mai ƙaramin inji a ƙauyukan Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, wanda ke haɗa dusa da ƙuliƙuli da masara yana sayar wa masu kaji, sai Dagaci da Mai Unguwa suka san da shi. A ganina nan ne babban giɓi yake.

Roƙonmu shi ne kowane Malami ya rubuta sunan mai inji, da ƙauyensa, da inda yake sayen garin ƙashi. A gaya musu mai dubawa ɗan'uwan duba-gari ne, ba mai karɓar haraji ba, kada su ɓoye kaya. Su ɗora buhuna bisa katako nesa da bango, su toshe ramukan ɓera. Duk gidan da 'yan tsaki suka fara mutuwa bayan an buɗe sabon buhu, a ɗaure ragowar, a sanar da malamin dabbobi a ranar.