Cin Shinkafa da Tuwo Bayan Aikin Rage Ƙiba

 Zancen da na zo muku da shi yau na abinci ne, watau abincin mutumin da likita ya rage wa tumbi saboda ƙiba ta yi masa yawa. Mai yiwuwa ne a gundumominku a sami wanda ya komo daga asibiti da irin wannan aiki, iyalinsa kuwa ba su san yadda za su ciyar da shi ba.

Aikin da aka fi yi iri biyu ne. Na ɗaya, wanda Likita Edward Mason ya fara a Amurka cikin 1966, shi ne a ware ɗan aljihu a saman tumbi, girmansa kamar ƙwan kaza, a haɗa shi da hanji. Na biyu, a yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar abin da bai wuce ayaba ba. Ashe ke nan cikin da a da yake ɗaukar kwanon tuwo, yanzu 'yan cokula ke cika shi.

Saboda haka likitoci suka tsara cin abinci daki-daki. Mako ɗaya ko biyu na farko sai abin sha kawai, kamar madara da romo. Daga nan sai abin da aka niƙa lilis, sa'an nan mai taushi. Sai wajen mako 6 zuwa 8 ake komawa abincin yau da kullum. Shinkafa da burodi da taliya suna cikin na ƙarshe da ake gwadawa, kuma sai likitan ya yarda.

Dalili uku ne. Na farko, irin wannan abinci yakan dunƙule ya tsaya a ƙaramin tumbin, ya kawo ciwon ƙirji da amai. Tuwo ya fi haɗari, domin mun saba haɗiye loma ba tauna. Na biyu, farar shinkafa da sukari sukan zarce cikin hanji da gaggawa, musamman ga mai aikin farko. Bayan minti 10 zuwa 30 sai gumi da jiri da bugun zuciya da gudawa. Wani kuwa sai bayan awa 1 zuwa 3 sukarin jininsa ya faɗi, jikinsa ya ɗauki rawa. Fura ko kunu da aka cika wa sukari suna iya jawo haka. Na uku shi ne mafi girma. Mai wannan aiki yana bukatar aƙalla giram 60 na abinci mai gina jiki kowace rana. In shinkafa ta riga ta cika wurin, ina nama zai shiga? Sai gashi ya zube, ƙarfi ya ragu.

To, ga ƙa'idar. A fara da kifi ko ƙwai ko wake ko nama mai taushi, sai ganye, shinkafa ko tuwo su zo ƙarshe, cokali ɗaya ko biyu, da miya. A tauna sosai, a ɗauki kamar minti 20 ana ci, a tsaya da an ji ƙoshi. Kada a sha ruwa tare da abinci, a dakata rabin awa. Magungunan ƙarin jini da bitamin da likita ya rubuta kuwa, ba a barinsu muddin rai.

Abin da muke roƙonku shi ne ku fahimtar da jama'a. A al'adarmu baƙo ya bar tuwo a kwano abin kunya ne, mai gida kuma sai ya matsa. Wannan mutum ba raini ya sa ya ci kaɗan ba, kuma matsa masa cutarwa ce. Malamai su karanta wa iyalinsa takardar likita, su bayyana musu. In amai ya ƙi tsayawa har ruwa ba ya zama, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gari ya waye. Sauran kuwa haƙuri ne, gama sannu ba ta hana zuwa.